Kuɗin wata da kunnen tela: nazarin lamarin wani shagon ɗinki a Agege

Shagon da wannan nazari ya shafa yana wani lungu na Agege, ba nisa da layin dogo, a yankin da Hausawa suka zauna tun zamanin fataucin goro. Kekunan ɗinki biyar ne a cikinsa, da keken surfani ɗaya, da teburin yanka wanda shi ne kuma na guga, kuma mutum bakwai ne suke cin abinci a wurin idan aka haɗa da maigidan shagon, wanda ya haura shekara hamsin, da yara biyu 'yan koyo. Na daɗe ina kai ɗinkina can, har zama ya kai ga sabo, kuma a gabana aka yi yawancin abin da zan bayyana. Sauran kuwa daga bakinsu na ji shi, wani kuma na gan shi a littafin da maigidan yake rubuta kuɗin fetur da zare da shayi.

Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗannan mutane suna sauraron wani abu kusan awa goma a kowace ranar aiki, sun shiga biyan kuɗin wata a wata manhajar sauraron waƙa ta intanet da murnarsu, sun yi fiye da shekara a kai, sannan suka fita, alhali kuɗin bai taɓa kai ladan ɗinkin kaftani ɗaya ba. Wanda ya kalli farashin kawai zai ce rowa ce. Na zauna da su har na tabbatar ba ita ba ce. Ba zan ambaci sunan manhajar da suka yi amfani da ita ba, domin abubuwan da suka gundure su a jikin tsarin kasuwar suke, kuma da wata suka zaɓa da kusan hakan za su tarar.

Abin da ake ji kafin a fara biya

Tela ba ya aiki shiru. Hannu da ƙafa da ido suna kan keke, kunne ne kaɗai ba shi da aiki, shi ya sa rediyo ta zama ɗaya daga cikin kayan shago kamar almakashi. Maigidan ya zo Legas yana saurayi, a lokacin da ake kamo Rediyon Kaduna ta gajeren zango, ana juya eriya ana neman murya a cikin ƙugi. Tashoshin FM da suka yawaita a Arewa daga baya, irin su Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003, zangonsu ba ya isowa Kudu, saboda haka shekaru masu yawa abin da ake samu da Hausa a Agege bai wuce sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Jamus ba, sai kuma na Faransa wanda tun 2007 daga nan Legas yake watsa shirye-shiryensa. Waɗannan labarai ne na rabin awa ko awa guda. Sauran yinin kaset ne yake cike shi, daga baya faifan CD, daga baya kuma katin mimori.

Katin mimori shi ne abin da ya kamata a riƙe a rai, domin da shi aka riƙa auna duk abin da ya biyo baya. Akwai mai turi a bakin titi, yana da kwamfuta da tarin waƙoƙi da wa'azi da littattafan da aka karanta a murya, ka ba shi kati da 'yan kuɗi kaɗan ya cika maka shi. Sau ɗaya ake biya. Abin da aka tura ya zama naka, kana iya tura wa wani ta Xender ko Bluetooth, ba ya neman data, ba ya neman sabis, ba ruwansa da ƙarshen wata. Ba na kare wannan sana'a ta fuskar haƙƙin mawaƙi, domin mafi yawan abin da ake turawa ba da izinin mai shi ake yi ba. Amma ga kunnen tela, wannan shi ne farashin waƙa da ya sani, kuma duk wani sabon farashi da shi za a gwada shi.

Yadda aka shiga

Mai keken surfani shi ne ya kawo manhajar. Haihuwar Agege ne, yana jin Yarbanci kamar Hausa, kuma wayarsa irin waɗanda suke zuwa da manhajar waƙa a ciki ce tun daga kwali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar Najeriya: Boomplay, wadda ta fara a 2015, ta bazu ne domin tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, kuma Audiomack ta samu karɓuwa domin tana barin mutum ya ajiye waƙoƙi da yawa a cikin manhajar ba tare da ya biya ba. Matasa da dama ta waɗannan ƙofofi na kyauta suka shiga sauraron waƙa ta intanet, tun kafin Spotify ta iso ƙasar a watan Fabrairun 2021.

Da farko ɓangaren kyauta aka riƙa amfani da shi, an haɗa wayar da lasifikar shago. Kyautar kuwa da sharaɗinta, wato talla a tsakanin waƙoƙi. Teloli sun saba da talla a rediyo, ba su damu da ita ba, sai dai tallar rediyon Hausa ta san da wa take magana. Wata rana wani dattijo malamin unguwa yana zaune ana gwada masa riga, sai lasifika ta saki tallar caca da ƙarfi, da turancin buroka, ana kiran matasa su zuba kuɗi a wasan ƙwallo. Malamin bai ce komai ba, maigidan kuwa kunya ta rufe shi. Bayan an sallami baƙo ya tambayi yadda za a kashe tallar, aka ce masa sai an biya, ya tambayi nawa, da ya ji adadin ya ce a biya a ranar. Wato abin da ya saya da farko ba waƙa ba ce, kariya ce daga jin kunya a gaban mutanen da yake ganin girmansu, kuma wannan buƙata an biya masa ita sarai.

Biyan kansa ya zo da 'yar matsala wadda a lokacin ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Katin bankin maigidan ya ƙi shiga. A shekarun nan bankunan Najeriya sun rage abin da katin naira zai iya biya a shafukan waje zuwa dala 20 a wata, da yawansu kuma suka rufe gaba ɗaya saboda ƙarancin dala, ba su sake buɗewa ba sai a 2025, kuma ko inda ake karɓar naira ba kowane kati yake wucewa ba. Sai aka yi amfani da katin mai surfani, asusun ya zama da sunansa da lambar wayarsa. Aka shirya cewa manya biyar za su riƙa karo-karo duk wata a ba shi, 'yan koyo ba su da kaso. Kuɗin na jama'a ne, mabuɗin kuma yana hannun mutum ɗaya.

Farashin da aka rubuta da farashin da ake biya

Idan aka dubi farashin da kamfanoni suke rubutawa, Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi araha a duniya. Spotify ta shigo da naira 900 a wata ga mutum ɗaya, ta ɗaga zuwa 1,300 a 2024, sannan 1,600 a 2025. Apple Music ta kai 1,300 a 2025, YouTube Premium kuma ta tashi daga 1,100 zuwa 1,700 a shekarar. A lokacin da ɗan Najeriya yake biyan 1,300, wanda bai kai dala ɗaya ba tunda dala ta haura naira 1,500, mutumin Amurka yana biyan dala 11.99 a kan kusan abu ɗaya. Daga ɓangaren kamfani, ƙarin ma bai maye gurbin abin da faɗuwar naira ta cinye ba tun da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023. Daga ɓangaren mai biya kuwa, tashi daga 900 zuwa 1,300 ƙari ne na kashi 44 cikin ɗari a dare ɗaya, kuma babu wanda yake karɓar ladan ɗinki da dala.

Duk da haka, lokacin da manhajar shagon ta yi nata ƙarin, ba wanda ya ɗaga murya. An raba shi biyar, kowa ya ƙara abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Mutanen da suka ga litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 a Legas bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, suna kuma tayar da janareta kullum domin keke da dutsen guga, ba wannan ne zai tayar musu da hankali ba.

Inda kuɗin yake tafiya da gaske shi ne data, kuma wannan lissafi ne da kowa zai iya yi. Sauti mai matsakaicin kyau, na kilobit 96 a daƙiƙa, yana cin kimanin megabayit 43 a awa. A yi awa goma a rana, kwana 26 a wata, an haura gigabayit 11. Idan aka ɗaga kyawun sautin zuwa kilobit 160, awa guda tana cin megabayit 72, watan kuma ya kusa gigabayit 19. Ko a farashin da ake sayar da data kafin ƙarin da aka yi mata a 2025, gigabayit 11 ya ninka kuɗin watan manhajar fiye da sau biyu. Watanni na farko babu wanda ya lura da haka, domin datar mai surfani ce take ƙonewa, shi kuma yana ɗora laifin a kan kallon bidiyo da yake yi da dare. Da ya gano, sai ya nemi a shigar da data cikin karo-karon, kuma a nan ne aka fara jin kalmar tsada a shagon.

Maganin da masu manhaja suka tanada shi ne a sauke waƙoƙi sau ɗaya a riƙa ji ba tare da intanet ba, kuma sun yi hakan, ya rage musu asara sosai. Amma saukewa tana cin wuri a waya, wayar kuma ba ta shago ba ce, tana ɗauke da hotunan samfurin ɗinki da saƙonnin masu kawo aiki. Sannan wanda ya koma jin abin da ya sauke kawai ya koma rayuwar katin mimori ne, sai dai yanzu yana biya duk wata. Maigidan ya fi kowa saurin ganin wannan.

Kunne bakwai, asusu ɗaya

Gamsuwa a shagon ba iri ɗaya ba ce, kuma a ganina a nan zuciyar lamarin take. Matasa uku, da mai surfani a gaba, sun sami abin da suke so fiye da yadda suka zata. Sabuwar waƙar Legas tana fitowa da tsakar dare, da safe tana lasifikar shago da sauti mai kyau, ba tare da muryar wani mai turi yana tallata lambar wayarsa a tsakiyarta ba. Sababbin waƙoƙin Hausa na soyayya da na gambarar zamani ma yawancinsu suna nan, domin mawaƙan yanzu suna ɗora kayansu da kansu ko ta hannun dillalai. Ga waɗannan matasa kuɗin watan araha ne ƙwarai, kuma ba su taɓa cewa akasin haka ba.

Maigidan da wani tela sa'ansa, mutumin Sakkwato, kunnensu yana wani wuri. Suna son kiɗan kalangu da na kotso, waƙoƙin fada da na noma da na dambe, da bege, irin waɗanda ake yin minti ashirin ana abu ɗaya hannu yana tafiya a kan keke. Wasu daga ciki suna kan manhajar, amma a warwatse. Za a nemi waƙar Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999 ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa, a sami 'yan kaɗan, wata an yanke ta a tsakiya, wata an rubuta sunanta ba daidai ba, wata an jingina ta ga wani mawaƙin daban. Rubutun Hausa kansa yana kawo cikas: wanda ya ɗora waƙa ya rubuta sunanta ba ƙugiya, wani ya sa alamar ɗauri, wani ya haɗe kalmomi biyu, sai mai nema ya gwada rubutu uku kafin ya dace. Yawancin tsofaffin waƙoƙin nan a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da kaset ɗin 'yan kasuwa suke, ba wani kamfani da ya tattara su ya gyara sautinsu ya daidaita haƙƙin magada. Mai turin bakin titi, da duk rashin izininsa, ya fi manhajar tarin waɗannan kaya nesa ba kusa ba.

Sai kuma batun abin da manhajar take kira rediyo, wato ka zaɓi waƙa ɗaya ita kuma ta ci gaba da jero maka masu kama da ita. Ga shago wannan ya kamata ya zama babban amfani, domin tela ba ya son ya ɗaga hannu daga keke ya je ya taɓa waya. Na'urar tana koyon ɗanɗanon mai asusu daga abin da ya ji da abin da ya tsallake. To asusu ɗaya ne, kunne bakwai. Da safe bege, da hantsi kalangu, da rana waƙoƙin Legas, da yamma na finafinan Hausa, wani lokaci har da na Indiya. Abin da na'urar ta koya daga wannan gauraye shi ne mutumin da babu shi. Ana cikin waƙar yabon Annabi sai ta zarce da waƙar rawa mai kalaman da ba a faɗa gaban manya, sai an yi tsalle an kashe. Abin da aka biya kuɗi domin a guje masa ya dawo ta wata ƙofa. Kuma ko da an ba ta waƙar gargajiya tsantsa, bayan uku ko huɗu sai ta zame zuwa abin da ya fi yawa a rumbunta, tunda ba ta da isassun makamanta da za ta jero.

Maigidan ya taɓa bayyana mini bambancin da kalmomin da ban manta ba. Ya ce a rediyo akwai mutum, yana gaishe ka, yana faɗa maka an yi ruwa a Gezawa ko farashin masara ya sauka a Dawanau, yana karanta gaisuwar masu sauraro da sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, wannan kuwa ba ta san ko gari ya waye ba. Ga mutumin da ya yi shekara talatin a Kudu, rabin abin da yake nema a lasifika labarin gida ne, kuma wannan ba ya cikin abin da kuɗin watan yake saye.

An yi tunanin komawa tsarin iyali, wanda yake ba mutum shida asusu daban-daban a kan kuɗin da bai kai ninki biyu na mutum ɗaya ba. Da ya warware rikicin ɗanɗano a wayoyinsu, amma sharaɗinsa shi ne a zauna gida ɗaya, kuma lasifikar shago dai ɗaya ce. Akwai ma abin da babu wanda ya karanta a cikinsu: irin wannan rajista ta sauraron mutum ce shi kaɗai, ba ta kunnawa a wurin sana'a ba, wanda a doka yake buƙatar lasisi daga ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa. Babu mai bin shagon tela a kan haka, amma yana nuna cewa tun asali ba a ƙera kayan domin irin wannan zama ba. An ƙera shi ne domin mutum ɗaya da abin toshe kunne, mai albashin ƙarshen wata.

Ƙaramar rigima ta ƙarshe ita ce ta na'ura ɗaya a lokaci ɗaya. Idan aka aiki mai surfani Oshodi ko Balogun sayen yadi da zare, wayar tana tafiya da shi. An sa asusun a wayar wani domin shago kada ya yi shiru, amma da zarar ya kunna nasa a cikin mota sai na shago ya tsaya. Basakkwacen ya taɓa ce masa, cikin wasa mai ɗauke da gaskiya, “Ɗan nan, mu ne muke biya, kai ne kake ji.”

Azumin 2025

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, karo na farko a fiye da shekara goma. Sababbin farashin sun fara sauka a kan mutane a Fabrairu, azumi kuma ya kama a farkon Maris. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce ta yanke hukunci a shagon, ba wani ƙarin kuɗin manhaja ba.

Watan azumi shi ne kakar tela. Ana buɗewa da safe, ana kaiwa sahur a kan keke a goman ƙarshe, kuma a duk shekara babu lokacin da lasifika take aiki kamar wannan. Amma a wannan shago, kamar shaguna da yawa na Hausawa, ba a kunna kiɗa da azumi. Karatun Alƙur'ani ake ji da safe, wanda yake cike a katin mimori tun da daɗewa, da yamma da dare kuma tafsiri, wanda ake kamowa kai tsaye daga masallatan Kano da Kaduna da Bauchi ta shafukan gidajen rediyo da Facebook. Wata guda cur ba a buɗe manhajar waƙa ba. Kuɗinta kuwa ya fita daga katin mai surfani a ranarsa, domin tsarin yana sabunta kansa sai an je an dakatar da shi, kuma a cikin rububin aikin Sallah babu wanda ya tuna. Da ya zo neman karo-karo bayan Sallah, maigidan ya tambaye shi kuɗin me, tunda ba a ji komai ba.

Adadin ba shi da yawa, kuma a ƙarshe maigidan ya biya shi duka daga aljihunsa domin kada yaro ya yi asara. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tsarin. Tela yana samun kuɗi ne a kan aiki, yau akwai gobe babu, bayan Sallah kuma kasuwa takan mutu makonni. Yana sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako, fetur lita biyu, zare ƙwaya uku, komai gwargwadon aikin ranar. Biyan da ba ya duba ko ka yi amfani ko ba ka yi ba, kuma yake shiga aljihu da kansa ba sallama, baƙon abu ne a irin wannan lissafi. Wasu manhajojin da kamfanonin waya sun gane haka, suna sayar da rajistar kwana ɗaya ko mako da kuɗin katin waya, amma idan aka tara na wata sai ya fi tsada, wato mai ƙaramin ƙarfi shi ne yake biyan mafi yawa.

Aka yanke shawarar a dakatar na wata biyu har kasuwa ta farfaɗo. A nan ne abu na ƙarshe ya faru. Ranar da wa'adin ya cika, waƙoƙin da aka ɓata data aka sauke, ɗaruruwa, duk suka rufe. Suna nan a jere a waya ana ganin sunayensu, amma ba sa buɗuwa sai da intanet da talla. Mai surfani ya san haka zai faru, a wurinsa ba labari ba ne. Maigidan kuwa sai a ranar ya fahimci cewa fiye da shekara guda haya yake biya, ba saye ba. Ya ce kaset ɗin da ya saya kafin a haifi yaron yana nan a akwati a gida, kuma ya kawo karin maganar da take cewa kayan aro ba ya rufe katara. Daga ranar bai sake yarda a shigar da kuɗin shago a ciki ba.

Inda kuɗin yake zuwa

Na gwada kawo masa hujjar da nake ganin ta fi ƙarfi, wato cewa biyan yana kai wa mawaƙi haƙƙinsa, abin da turi ba ya yi. Hujjar gaskiya ce. Spotify ta bayyana cewa mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 58 daga gare ta a 2024, fiye da ninkin abin da suka samu a shekarar da ta gabata. Amma da na yi masa bayanin yadda ake rabon sai na ga hujjar tawa ta yi rauni a gabansa. Manyan manhajojin ba sa ɗaukar kuɗin mai sauraro su ba wanda ya saurara. Tara kuɗin ake yi wuri ɗaya, kamfani ya cire kasonsa, kusan kashi biyu cikin uku ya tafi ga masu haƙƙi gwargwadon yawan kunnawar da kowa ya samu. Ana ƙirga kunnawa ɗaya idan an ji daƙiƙa 30. Saboda haka waƙar kalangu ta minti ashirin kunnawa ɗaya ce, daidai da waƙar minti biyu da rabi, kuma a lokacin da dattijo ya ji guda ɗaya saurayi ya ji takwas. Kuɗin da maigidan yake bayarwa, mafi yawansa yana tafiya ne ga mawaƙan da suka fi tashe a ƙasar, waɗanda shi ba ya jin su. Ga tsofaffin waƙoƙin da yake so kuma, ba a ma da tabbacin wanda ya ɗora su yana da alaƙa da iyalan mai su.

Ina ganin wannan tsarin rabo yana cikin dalilan da suka sa rumbun waƙoƙin gargajiya ya kasance fayau. Wanda zai kashe kuɗi ya nemo tsofaffin faifai, ya wanke sautinsu, ya sasanta da magada, ba zai ga riba a tsarin da yake biyan gajeriyar waƙa da doguwa kuɗi ɗaya ba, a ƙasar da kuɗin wata bai kai dala biyu ba. Arahar da take jawo matashi ita ce kuma take hana a zuba jari a kan abin da dattijo yake nema.

Yadda shagon yake yanzu

A zuwana na baya-bayan nan na tarar an sayi wata tsohuwar waya ta hannu a Computer Village da ke Ikeja, an ɗaure ta da igiya a jikin taga kusa da lasifika, ba ta kowa ba ce sai ta shago. Da safe ana kama wata tashar Kano ta intanet na kimanin awa uku, a ji labarai da shirin siyasa da gaishe-gaishe. Muryar magana ba ta buƙatar sauti mai nauyi, kuma a kilobit 64 awa ukun nan ba su wuce gigabayit biyu da 'yan kai a wata ba, wanda maigidan yake saya da kansa ya rubuta a littafi a ƙarƙashin fetur. Idan sabis ya yanke ana tsaki a jira, ba wanda yake cewa an cuce shi, tunda ba a biya tashar komai ba. Daga hantsi zuwa la'asar katin mimori ne, an kai wa mai turi ya sake cika shi. Bayan la'asar, idan maigidan ya fita salla da zaman majalisa, lasifika ta matasa ce.

Mai surfani da ɗaya daga cikin matasan sun ci gaba da biyan kuɗin wata, kowa da asusunsa, har da ƙarin da aka sake yi daga baya, kuma suna ji da abin toshe kunne a mota da daddare. Mai surfani ya ce tun da ya daina raba asusun da shago, abin da manhajar take jero masa ya gyaru, kamar ta san shi. Ya sa alama a kalandar wayarsa kwana uku kafin azumi mai zuwa domin ya dakatar da biyan.